Rumfa da daɓen katako ba tare da kankare ba: me zai riƙe su in iska ta taso?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu sani nake nema. Na karɓi hayar wani fili na shekara biyu, ina so in kafa rumfar aiki a ciki, tsawo mita 6, faɗi mita 4, ƙafafu shida na bututun ƙarfe, rufin kwano. Ƙasan kuma dandamalin katako nake so, don kayan da zan ajiye ba sa shiri da danshi. Inda gizo ke saƙar shi ne mai filin ya kafa mini sharaɗi har a takarda: ba zuba kankare ko na cikin cokali, kuma ranar da zan tashi in bar masa filinsa yadda na same shi. Wani ya ce in ɗora kowace ƙafa a kan bulo, wai nauyin rumfar kaɗai ya isa ya zaunar da ita. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan aikin ya taimaka.

Dan_Dako:
Wa alaikumus salam. Malam ka zuba kankarenka da dare ka rufe da ƙasa, wa zai sani? 😂

Ummu_Sadik:
Haba Dan_Dako, mutum ya sa hannu a takarda kana koya masa cin amana. Ranar tashi kai za ka zo ka fasa masa?

Kafinta_Bala:
Wanda ya ce maka bulo ya isa, rabin amsa ya ba ka. Bulo yana hana ƙafa nutsewa ne kawai, ba ya hana ta tashi sama. Yawancin mutane in za su kafa rumfa tunaninsu ɗaya ne, me zai ɗauki nauyinta. A shekarun da na yi a wannan sana'a ban taɓa ganin rumfar da ƙasa ta haɗiye ba, amma wadda iska ta ɗauka ta kifa a gidan maƙwabta, na daina ƙirgawa.

Injiniya_Sk:
Kafinta_Bala ya taɓo inda ciwon yake. Bari in sa lissafi a kai don a ga girman abin.

Ƙarfin da iska ke bugun abu da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Iska mai gudun kilomita 72 a awa tana matsa kowace murabba'in mita da abin da ya kai nauyin kilo 25. In ta kai kilomita 108, ya zama kusan kilo 56. Rufinka murabba'in mita 24 ne. Ke nan a iskar farko kana maganar kusan kilo 600, a ta biyu kuma kusan 1,350. Ainihin adadin yana hawa ko sauka gwargwadon gangaren rufin, da ko akwai bango, da ko filin fetal yake ko gine-gine sun kewaye shi, amma wannan ya isa ka gane da wa kake kokawa. Raba shi ga ƙafa shida: kowace tana iya fuskantar fizgar kilo 100 zuwa sama da 200, kuma ƙafafun kusurwa sun fi shan wuya, don a bakin rufi da kusurwoyinsa iska ta fi tsotsa. Yanzu ka auna nauyin kwanonka da bututunka ka gani ko sun kama ƙafar wannan.

Wani abu kuma da ake mantawa: riƙon sarƙa ne. Kwano a jikin katakon rufi, katako a jikin ƙafa, ƙafa a jikin abin da ke cikin ƙasa. Ko wace gaɓa ce ta fi rauni, nan za ta tsinke. Ka binne ƙarfe mai riƙe tan guda, in ƙusa biyu ce ta haɗa ƙafar da rufin, aikin banza ka yi.

Abban_Hanifa:
Innalillahi. Injiniya ka tayar mini da hankali, amma gara yanzu da daga baya. To mene ne mafita?

Mai_Hayar_Tanti:
Turaku, ɗan uwa. Mu da muke kafawa mu kwashe kusan kullum ba mu san kankare ba. Rodi mai kauri, ko ƙarfen da ya kai inci ɗaya, tsawonsa ya haura mita, a buga shi da babbar guduma har sai ɗan kansa kawai ya rage a waje. Igiya ta sauko daga saman ƙafar rumfa a karkace, nisan turken daga gindin ƙafa ya yi kusan tsawon ƙafar. Kuma ka ɗaure igiyar can ƙasa dab da ƙasa, ba a kan turken ba. In ka ɗaure a sama ka ba iska mariƙin da za ta yi ta girgiza shi har ramin ya buɗe.

Amma in faɗa maka gaskiya, turke da ruwan sama ba sa ga maciji. Akwai ranar da muka kafa wani babban tanti da safe, ƙasa kamar dutse, sai da yarana suka yi ta karɓa-karɓa da guduma, tafin hannun ɗaya har ya yi kanta ya fashe. Da la'asar aka sheƙa ruwa na kusan awa biyu. Iska na biyo baya ina tsaye ina kallo turken kusurwa ya fara zarowa a hankali, laka na manne a jikinsa, kamar ana cire haƙori. Na ɗora ƙafa a kai, wallahi har da ni yake ɗagawa. Allah ya sa mun riga mun fitar da mutane. Ruwan da ke zubowa daga rufin ne yake sauka daidai gindin turakun, mu da kanmu muka jiƙa musu ƙasar. Tun daga ranar nake jan ɗan kwari in kawar da ruwan daga wurin turke, kuma a kusurwa ba na sa ɗaya, sai biyu ko uku a jere, na baya yana riƙe da na gaba.

Baba_Mai_Shanu:
Yaro ka manta abu ɗaya. Turke kwantar da shi ake yi baya, kansa ya juya wa rumfar baya. Haka muka tashi muka gani.

Mai_Hayar_Tanti:
Allah ya ƙara girma Baba, ni ma haka aka koya mini. Amma yanzu a miƙe nake bugawa, ko in ɗan karkata kaɗan.

Injiniya_Sk:
Baba a gafarce ni, a nan ina bayan Mai_Hayar_Tanti. Masu sana'ar hayar tanti a Amurka sun sa an yi gwajin fizgar turaku, abin da ya fito shi ne dogon turken da aka buga a miƙe ya fi riƙo a kan wanda aka kwantar sosai. Dalilin ba boyayye ba ne: na miƙe ya fi kaiwa zurfi, kuma ƙasar da zai ture kafin ya fito ta fi yawa. Wanda aka kwantar, rabin jikinsa yana cikin ƙasar sama ne, wadda ita ce ta fi taushi kuma ita ke fara jiƙewa.

Baba_Mai_Shanu:
To Injiniya, na ji. Amma bijimin da ya fi rumfar nan ƙarfin hali na ɗaure a turke a karkace bai tsinke ba. Ku yi ta gwajinku.

Dan_Dako:
Baba bijimi gefe yake ja, iska sama take ja 😂

Gimbiya_22:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kafin kowa ya ɗaga guduma, a tambayi mai fili abin da ke binne a ƙasa. Mu da za mu kafa rumfar inuwa a bayan wurin aikinmu, mai bugun turken ya ce ya ji ƙasa ta yi masa daɗi, bugu uku ƙarfen ya shige. Ashe bututun ruwa na roba ya huda. Ba mu ankara ba sai washegari da muka tarar da wurin ya zama fadama. Mun gode Allah ruwa ne. Da wayar lantarki ce da yanzu wani labarin ake yi.

Kafinta_Bala:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma kan rodin da ya rage a waje a rufe shi, ko da gorar roba ce a kifa masa. Da dare ba a ganinsa, yana yaga ƙafa.

Abban_Hanifa, bari in koma kan daɓen tunda kowa ya tafi rufi. Kada ka shimfiɗa katako kai tsaye a ƙasa. Ka kankare ciyawa da baƙar ƙasar sama a inda kowane matashi, wato dutse ko bulon da katakon zai hau, zai zauna, ka daddaɓe, ka zuba tsakuwa ka sake daɓewa, sannan ka ɗora faffaɗan dutse ko bulon da ba a haɗa da siminti ba. Wannan ba zubi ba ne, ranar tashi ɗauka za ka yi. A kansu manyan katakai za su hau, ƙananan su gitta a kai, tsakanin kowane biyu kamar santimita 40, sannan falanki. Ka bar sarari a ƙasa, aƙalla taƙi ɗaya, iska ta riƙa ratsawa, kuma ka iya leƙawa da tocila ka ga ko gara ta fara gina hanyarta. Wurin daidaita tsayi ba sai ka nemi na'ura ba: siririn tiyo mai garai-garai ka cika da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu, inda ruwan ya tsaya a nan da can tsayinsu ɗaya ne.

Don kada dandamalin ya zame gefe, a buga ƙarfe a cikin kowace kusurwa ta ciki a ɗaure shi da noti a jikin katakon. Noti fa, ba ƙusa ba. Ƙusa in aka ja ta ta inda ta shiga zarewa take yi.

Ummu_Sadik:
Malam Bala, katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan shaguna fa? Na ga mutane suna jera su su yi daɓe da su.

Kafinta_Bala:
Yana yi Hajiya, in aka haɗe su da juna da dogon katako ta ƙasa, in ba haka ba kowanne rawarsa yake yi daban. Ki duba hatimin da ke jikinsu. Mai HT da zafi aka gasa shi, ba matsala. Mai MB hayaƙin maganin ƙwari aka yi masa, ni ba na sa shi inda mutane za su zauna. Wanda kuma ya sha mai ko wani sinadarin da ba a san ko mene ne ba, a bar shi.

Sojan_Baya:
Duk wannan maganar turaku a ƙasa mai ƙarfi ce. Abban_Hanifa bai faɗa mana irin ƙasarsa ba. In yashi ne, ko ka buga rodi mita biyu da hannu ɗaya yaro zai zare shi. A yashi binnewa ake yi. Ka haƙa rami mai tsawo, zurfin kusan mita, a gicciye da inda igiya za ta ja. Ka kwantar da gungume ko guntun bututu mai kauri a ciki, ka ɗaura sarƙa a tsakiyarsa. Sai ka yanka siririyar hanya daga ramin zuwa wajen rumfar, sarƙar ta bi ta fito a karkace. Wannan 'yar hanyar ita ce sirrin, in babu ita sarƙar sama za ta riƙa ɗaga gungumen maimakon ta ja shi ya tokari bangon ramin da ba a taɓa ba. Ka mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan kana takewa. Direbobin da ke ratsa sahara da tayar safaya suke yin irin wannan in mota ta kafe babu bishiyar da za a ɗaura wa igiya. Abin da ya ja mota, rumfa ba za ta gagare shi ba.

Shekara biyu ka ce, to kada ka binne igiya ko ɗanyen itace, ruɓewa da gara za su cinye su kana sama kana ganin komai lafiya.

Abban_Hanifa:
Sojan_Baya, ƙasar ja ce mai ɗan tsakuwa, da rani tauri, da damina kuma tana riƙe ruwa. Sai dai haƙa ramuka shida masu zurfin mita, anya mai filin ba zai ce na yi masa ɓarna ba?

Mai_Walda_77:
Shi ya sa ni nake ganin ƙarfe mai murɗi ya fi dacewa da kai. Bututu ne mai tsini, da faifan ƙarfe a naɗe a jikinsa kamar bakin sukuru. Ana zura dogon ƙarfe a kansa mutum biyu su yi ta zagayawa yana shiga. Ba haƙa, ba fitar da ƙasa. A samansa akwai faranti mai huji, nan za ka ɗaure katakon daɓen da ƙafar rumfar gaba ɗaya. Yana ɗaukar nauyi, yana kuma hana tashi, aikin bulo da na turke a abu ɗaya. Ranar tashi ka murɗo shi baya ka tafi da abinka, ɗan huji kawai zai bari.

Malam_Tarihi:
Abin sha'awa, wannan dabarar ta kusa shekara 200. Wani injiniya ɗan ƙasar Ailan mai suna Alexander Mitchell ne ya yi mata rajista a 1833, kuma makaho ne, tun yana saurayi ya rasa ganinsa. Da ita aka fara kafa hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Maplin Sands a bakin kogin Tems na Ingila a 1838, a kan yashi da taɓon da gini ba ya zama.

Dan_Dako:
Makaho ya kafa hasumiya a cikin teku, mu masu ido biyu mun kasa kafa rumfa a tudu.

Injiniya_Sk:
Mai_Walda_77, ina tare da kai, da sharaɗi biyu. Na farko, in na gida za a ƙera, faifan ya zama murɗi na gaskiya, kowane zagaye ya shiga da tazara ɗaya. In lanƙwasa shi kawai aka yi yadda aka ga dama, zai riƙa dama ƙasar ne kamar ana haƙa rijiya, ya zauna a cikin ƙasar da ya riga ya sassauta. Alamar mai kyau ita ce yana ƙara tauri kana ƙara zurfi. In ka ji yana juyawa salin-alin har ƙarshe, bai kama komai ba. Na biyu, a gwada. Ka gitta ƙarfe mai ƙarfi a kan jak ɗin mota da wani abin tokarewa a ɗaya gefen, ka ɗaure kan sukurun, ka sa sikelin rataye a tsakani in kana da shi, ka ja sama. Ka fara jiƙa wurin sosai kafin gwajin, don ranar da za ka buƙace shi ƙasar a jiƙe za ta kasance. Kuma ka nemi ya riƙe ninkin abin da lissafi ya ba ka, ba daidai shi ba.

Hajiya_Mai_Kaji:
Ni fa duk wannan wahalar ban yi ta ba. Durom shida na cika da ruwa na ɗaure a ƙafafun rumfar kajina, shekara ta uku ke nan tana tsaye.

Mai_Hayar_Tanti:
Hajiya Allah ya ci gaba da tsarewa, amma durom yana da halinsa. Lita 200 kilo 200 ne, a takarda ya yi kyau. Sai dai in igiyar a wuyansa take, ba sai iska ta ɗaga kilo 200 ba, tuntsurar da shi kawai za ta yi, ruwan ya zube, shi ke nan. Na roba kuma a kan daɓe mai santsi zamewa yake yi tun kafin a kai rabin nauyinsa. Mu sai a kan kwalta ko inda aka hana huda ƙasa muke amfani da nauyi, kuma ƙafar tantin muke sa wa faffaɗan faranti a ɗora nauyin a kansa, ya danne ta kai tsaye.

Hajiya_Mai_Kaji:
Nawa a jikin ƙafar suke, an naɗe su da bel sama da ƙasa, kuma katanga ta kare ni ta gefe biyu.

Injiniya_Sk:
To katangar nan tana yi miki rabin aikin, Hajiya. Shi Abban_Hanifa filinsa ba mu san ko a buɗe yake ba.

Kan zamewar nauyi, akwai abin da ya faru a bikin baje kolin jihar Indiyana ta Amurka ranar 13 ga Agusta 2011. Rufin dandalin wasa na wucin gadi ya rufto kan jama'a, mutum 7 suka rasu. Igiyoyin da ke riƙe da shi an ɗaure su ne a jikin manyan shingayen kankare irin na raba titi, waɗanda aka ajiye a ƙasa kawai. Binciken injiniyoyi ya nuna da iskar ta kai wajen kilomita 95 a awa, shingayen suka zame daga inda suke. Nauyinsu kaɗai bai isa ya hana su zamewa ba.

Ummu_Sadik:
Allah ya kyauta. Ni tambayata, in ya rufe gefen rumfar da tamfol ba zai rage iskar ba?

Kafinta_Bala:
A nan ne mutane ke halaka rumfarsu. Gefe uku a rufe, ɗaya a buɗe yana kallon iska, ka ɗinka buhu ke nan. Iska ta shiga ba ta da mafita, ta tura rufin daga ciki, ta sama kuma ana tsotsarsa. Ko a rufe duka, ko in hadari ya haɗo a naɗe tamfol ɗin duka ta wuce abinta. Kuma ƙafafun nan shida suna buƙatar ƙarfe ko waya a gicciye tsakaninsu, aƙalla a gefe biyu masu kusurwa da juna. In ba haka ba gindin yana nan daram, saman zai kwanta gefe kamar an tura kwali.

Sojan_Baya:
Ƙari a kan haka, duk abin da aka ɗaure yau zai saki. Bel yana sassautawa, rana tana cin igiyar roba har ta riƙa zama gari a hannu, jar ƙasa in ta bushe tana ja da baya ta bar turke yana lilo a raminsa. Duk bayan ruwa mai ƙarfi ka zagaya ka girgiza kowanne da hannu.

Abban_Hanifa:
Na dawo da rahoto. Na nuna wa mai filin hoton ƙarfe mai murɗin, ya ce wannan bai dame shi ba, kuma ya nuna mini inda bututun ruwansa ya bi, na gode Gimbiya_22. An ƙera mini shida, tsawon mita ɗaya da rabi. Jiya muka murɗa. Huɗu sun shige lafiya, na ƙarshe-ƙarshen sai da muka zama mu uku a kan ƙarfen. Na biyar ya tsaya a wajen santimita 90. Na shida, kuma na kusurwar da iska ke fara bugowa, ya ci karo da dutse a santimita 40, mun matsa gefe sau uku duk abu ɗaya. Har bakin faifan ya lanƙwashe. Yaya zan yi da wannan kusurwar?

Mai_Walda_77:
Kawo shi a gyara bakin. Amma kada ka yarda da santimita 40, wannan ado ne kawai.

Sojan_Baya:
Nan ne wurin binne bututu. Rami ɗaya ne yanzu ba shida ba, mai fili ba zai yi magana ba. Ka matsa waje har inda dutsen ya ƙare.

Injiniya_Sk:
In shimfiɗaɗɗen dutse ne babba, ni da na huda shi na sa noti mai buɗewa a ciki, babu abin da zai fi wannan riƙo a filin nan. In kuma ƙwallon dutse ne da bai fi tulu ba, zai taso tare da ƙafar. Ka fara tona gefensa ka ga girmansa. Na biyar ɗin ma a sa masa jak kafin a yarda da shi.

Hajiya_Mai_Kaji:
Ko ka ɗora masa durom biyu a wannan kusurwar ka huta.

Baba_Mai_Shanu:
Ku dai matsar da rumfar gaba ɗaya taku uku. Ana dole ne sai a kan dutsen?

Abban_Hanifa:
Baba in na matsa sai na warware biyar ɗin da suka shiga, bayana bai gama warkewa daga na jiya ba. Gobe da safe zan sa diga in ga iyakar dutsen, zan turo hoto.